Yadda Ake Haɗa Japchae A Gida, Taliyar Koriya Da Naman Sa Da Kayan Lambu

Duk mai kallon finafinan Koriya na san ta taɓa ganin wata taliya mai sheƙi, kalar ruwan zuma, an tula ta a babban faranti da karas da ganye da siraran nama a ciki, an ajiye a tsakiyar tebur ranar biki. To ita ce japchae, a baki ana cewa japce. Ba ta da miya, ɗanɗanonta gishiri-gishiri ne da ɗan zaƙi da ƙamshin man riɗi, kuma da zafinta ake ci da sanyinta ma ake ci. Girkin ba shi da wahala wallahi sai dai yana son haƙuri, don kowane abu da ke ciki shi kaɗai ake dafa shi a ba shi gishirinsa, sai a ƙarshe a haɗa su a kwano ɗaya a cakuɗa da hannu. In kika juye komai a tukunya ɗaya lokaci guda za ki samu abin ci amma karas zai yi laushi ya mutu, ganye ya yi baƙi, ruwan naman ya ɓata kalar komai, taliyar kuma ta caɓe. Don haka tun yanzu ki sa a ranki za ki yi kamar awa ɗaya da kwata a kicin, kuma yawancin lokacin a yanka zai tafi.

Abincin tsoho ne. Tun zamanin daular Joseon, tsohuwar masarautar Koriya, ake yin sa, a mulkin Sarki Gwanghaegun wanda ya yi sarauta daga 1608 zuwa 1623, kuma ana ba da labarin wani bafade mai suna Yi Chung ne ya riƙa kai wa sarkin har ya samu babban muƙami mai kula da kuɗin ƙasa. A lokacin babu taliya a ciki ko ɗaya, kayan lambu ne da naman kaza, wato laimar kwaɗin da ake ci, aka yanka siri-siri. Taliyar sai a farkon ƙarni na 20 ta shigo, bayan an buɗe masana'antar yin ta a garin Sariwon a 1919, garin yanzu yana cikin Koriya ta Arewa. Shi ya sa nake cewa kar a yi rowar kayan lambu, su ne asalin abincin. Yau a Koriya da wuya a yi bikin Chuseok na kaka ko Seollal na sabuwar shekararsu ko bikin cikar yaro shekara ɗaya ko na dattijo da ya cika 60 ba a ga japchae a tebur ba.

Taliyar da za ki nema

Nan ne mutane suka fi yin kuskure tun a shago. Sunan taliyar dangmyeon, da sitacin dankalin Hausa ake yin ta, ba fulawa ba shinkafa. A cikin leda za ki gan ta doguwa, busasshiya, kalar toka-toka, da tauri sosai har ba ta karyuwa da hannu cikin sauƙi. In ta dahu sai ta koma garai-garai ana hango abu ta cikinta, tana da danƙo tana ɗan ja a haƙori. Akwai wata fara tas siririya ta shinkafa, akwai kuma wata siririya da ake yi da sitacin wani koren wake ita ma tana yin garai-garai, to duk ba su ba ne, suna saurin narkewa kuma ba sa jure cakuɗa. Ki juya bayan ledar ki duba abin da aka yi ta da shi, in sitacin dankalin Hausa ne to ita ce ko da 'yar Sin ce ba 'yar Koriya ba. Ta kamfanin Ottogi, wanda yanzu yake rubuta sunansa Otoki, sananniya ce. Ana samu a shagunan da ke sayar da kayan abincin Asiya a manyan birane da kuma masu sayarwa ta intanet, kuma tunda busasshiya ce tana daɗewa, in kin samu ki sayi leda biyu ki ajiye. Supageti ko Indomie dan Allah a bar su a wani girkin.

Soya sos, man riɗi da sauran su

Abu biyu ne ke ɗauke da ɗanɗanon abincin nan, soya sos, wato ruwan ɗanɗano mai duhu da gishiri da ake yi da waken soya, da man riɗi. Soya sos ɗin ki nemi na yau da kullum mai ruwa-ruwa, irin na Koriya ko na Japan kamar Kikkoman, ko na Sin mara duhu. Akwai wani mai kauri baƙi ƙirin, wannan don kala ake sa shi, in kika zuba cokali biyar nasa taliyarki za ta yi baƙi ta yi ɗaci-ɗaci. Kuma ƙarfin gishirinsu ba ɗaya ba ne, ki ɗanɗana na gidanki a bakin cokali kafin ki bi awon da zan bayar.

Maganar halal kuma, a Koriya da yawa da naman alade suke yi, wasu kuma suna zuba giyar shinkafa ta girki a jiƙon nama. Mu naman sa za mu sa kuma ba ma buƙatar giyar ko kaɗan, tafarnuwa da masoro sun isa su kashe ƙarni. Soya sos da aka tsima shi ta hanyar gargajiya yana iya ɗauke da ɗan burbushin barasa daga tsimin, akwai masu tambarin halal a jikin kwalba, ki nemi irinsu hankalinki ya kwanta.

Man riɗi kuwa sai an yi bayani, don mu nan ƙasar riɗi ce, Jigawa da Nasarawa da Binuwai ana noma shi sosai har ana fitarwa waje, amma man da aka fi samu a wajenmu mai haske ne wanda ƙamshinsa ba shi da ƙarfi. Na Koriya sai an soya riɗin ya yi ja sannan a matse, shi ya sa yake da duhu kuma kina buɗe kwalbar ƙamshin zai cika kicin. Shi ake so. In ba ki samu ba ga dabara, ki rege riɗi rabin kofi ki cire tsakuwa ki shanya ya bushe, ki soya shi a busasshen kasko a wuta kaɗan kina juyawa ba tsayawa har ya yi ja-ja ya fara tsalle, ki ɗebi cokali biyu ki ajiye na barbaɗawa, sauran ki daka sama-sama ki zuba a man gyaɗa cokali shida ki ɗora a ƙaramar wuta minti biyar kar ya tafasa, ki sauke ya huce ki tace. Bai kai na kwalba ba amma yana ba da ƙamshin.

Sai naman kaza, wato irin laimar kwaɗin nan da ake nomawa don ci, ba naman tsuntsuwa nake nufi ba. 'Yan Koriya shiitake suke sawa, busasshe ya fi ɗanye ƙamshi, wasu kuma suna ƙara wani baƙi mai kama da kunne. In babu ki sa farin nan da ake sayarwa a manyan kantuna, ko na gwangwani ki wanke shi sosai ki matse. Wanda ke fitowa a daji ko bayan gida da damina kar ki kuskura, akwai masu guba da ke kisa kuma ba a gane su da ido.

Ganyen da suke sawa irin alayyahon Turawa ne mai taushi. Alayyahonmu yana yi sarai, ki zaɓi matashi mai ƙananan ganye ki cire jijiyoyi masu tauri.

Ga awon da zai ishi mutum huɗu in shi kaɗai za a ci, ko shida in da shinkafa. Taliya giram 250. Jan naman sa giram 200 zuwa 250, tsoka mai taushi mara jijiya, ki ce wa mahauci ya ba ki ta gadon baya. Alayyahu giram 200 wato babban ƙulli ɗaya. Karas babba ɗaya, albasa babba ɗaya, jan tattasai ɗaya in kina da kore ko ɗorawa ki ƙara rabi don kala, busasshen shiitake guda biyar ko shida, lawashi kamar sili uku, tafarnuwa sala biyar, ƙwai biyu. Soya sos cokalin cin abinci biyar da rabi, suga cokali biyu da rabi, man riɗi cokali uku, soyayyen riɗi cokali ɗaya ko biyu, masoro, gishiri, da man suya. Magi, kori, tayim, duk ba su da gurbi a nan. Na san hannu zai yi ta ƙaiƙayi a jefa dunƙule ɗaya, ki daure, soya sos da naman kaza sun riga sun yi aikin da magin zai yi kuma in kika haɗa su gishiri zai yi yawa.

Jiƙo da yanka

Abu na farko ki jiƙa busasshen naman kazan a ruwan ɗumi, ki ɗora ƙaramin faranti a kai ya danne su don suna tasowa sama, minti 30 zuwa 40 sun yi laushi. Masu kauri suna iya kaiwa awa ɗaya. In da baƙin mai kama da kunne za ki yi, minti 30 ya ishe shi kuma kar a bar shi ya kwana a ruwa a waje cikin zafi, yana iya lalacewa ya cutar. In sun jiƙu ki matse, ki yanke ƙafar mai tauri ki yar, ki yanka hular siri-siri. Ruwan jiƙon shiitake kar ki zubar, ki tace ki ajiye rabin kofi zai yi amfani.

Naman san kuma ki sa shi a firiza kamar minti 30 ya ɗan ƙame ba ya daskare ba, haka zai yanku siri ba ya zillewa wuƙa. Ki duba yadda zaren tsokar ya miƙe sai ki yanka a gicciye, ki fitar da fala-fala masu kaurin rabin santimita, sannan ki jera su ki sake yankawa a tsaye su zama sirara tsawon yatsa. In babu wuta firiza ba ta yi sanyi ba, ki wasa wuƙa sosai ki yanka a hankali. Ba a tafasa naman nan, na san mun saba sai an sulala nama kafin a soya, amma wannan siririn yanka minti uku ya dahu kuma in kika tafasa shi duk daɗin ya tafi cikin ruwa. In kin san naman na tsohon sa ne mai tauri ki goga albasa cokali ɗaya ki zuba a jiƙon ki bar shi ya ƙara daɗewa.

Ki zuba naman da naman kazan a kwano ɗaya, ki sa soya sos cokali ɗaya da rabi, suga rabin cokali, dakakkiyar tafarnuwa sala biyu, man riɗi ƙaramin cokali ɗaya, masoro kaɗan. Ki murza da hannu har naman ya shanye ruwan, ki rufe ki sa a firij ko wuri mai sanyi minti 20 zuwa 30 kina yanka sauran kaya.

Yankan kayan lambu shi ne inda ake gane wadda ta natsu. Komai dogo kuma siriri ake so don ya bi jikin taliya, in an ɗebo loma ɗaya a samu kowa a ciki. Karas ki kankare ki yanka a karkace fala-fala sannan ki jera ki yanka kamar tsinken ashana, tsawon santimita biyar ko shida. Kar ki goga shi a magogi, gogaggen karas ruwa yake fitarwa ya narke a kasko. Albasa ki raba biyu ki yanka daga kai zuwa gindi, kauri ɗan daidai don in ta yi siriri da yawa ɓacewa take yi. Tattasai ki cire 'ya'yan da farin cikin ki yanka a tsaye. Lawashi tsawon yatsa, gindin farin in yana da kauri ki tsaga biyu. Kowanne ki ajiye shi daban a babban tire, kar su haɗu.

Sai ki yi ruwan haɗin taliya a ƙaramin kofi, soya sos cokali huɗu, suga cokali biyu, man riɗi cokali ɗaya, tafarnuwa sala biyu dakakkiya, ki juya har sugan ya narke. In kina da suga mai ruwan ƙasa ya fi ba da kala, zuma ma tana yi.

Ganye da ƙwai

Ki ɗora babbar tukunya da ruwa mai yawa, lita biyu da rabi zuwa uku, ki sa gishiri kaɗan. In ya tafasa ki zuba alayyahun da kika wanke, na Turawa sakan 30 ya ishe shi, namu ki ba shi minti ɗaya. Ki tsame da matsami ki juye cikin ruwan sanyi nan take, wannan ne ke sa ya tsaya kore shar. Ki dunƙule a tafin hannu ki matse ruwan sosai amma kar ki murƙushe shi, ki yanka dunƙulen gida biyu ko uku, ki warware, ki sa gishiri ɗan tsunkule, sauran tafarnuwar sala ɗaya, man riɗi ƙaramin cokali, ki cakuɗa. Ki zuba a gefe ɗaya na babban kwanon da za ki haɗa komai a ciki, kuma kwanon ya zama babba da gaske, irin wanda hannu zai yi yawo a ciki.

Ƙwan ado ne amma yana ƙara wa farantin kyau sosai. Ki raba gwaiduwa da farin, ki kaɗa kowanne da ɗan gishiri a hankali kar ya yi kumfa. Ki shafa mai a kasko ki goge da tishu ya zama sheƙi kawai ya rage, wuta can ƙasa, ki zuba gwaiduwar ki karkata kaskon ta bazu fala-fala. In saman ya daina ruwa ki juya, sakan goma ki cire. Haka farin. Ba a so ya yi ja ko kaɗan. Sai sun huce za ki naɗe ki yanka siri-siri, da zafi yagewa suke yi. In kina sauri ki kaɗa su tare ki soya sau ɗaya, babu laifi.

Suya ɗaya bayan ɗaya

Kasko ɗaya ya isa, ba sai kin wanke tsakani ba in kika bi tsari, daga mai haske zuwa mai duhu, nama a ƙarshe. Wuta matsakaiciya zuwa sama, mai ƙaramin cokali ɗaya kowane zubi, gishiri ɗan tsunkule kowane zubi.

Albasa farko, minti biyu, ta yi laushi ta fara haske amma ba ta yi ja ba, in ya rage sakan 30 ki jefa lawashi ki juya ki kwashe zuwa babban kwano. Sai tattasai, minti ɗaya kacal, ki kwashe yana da sauran ƙaras-ƙaras. Sai karas, shi ya fi su tauri, minti biyu zuwa uku, za ki ga man ya koma ruwan lemo, ki ɗauki sili ɗaya ki lanƙwasa, in ya lanƙwasu bai karye ba kuma kin tauna kin ji ɗan ƙarfi to ya yi. Shi ya sa ake barin sa bayan albasa, da shi kika fara da albasar ta rine. Kuma ki tuna duk abin da kika kwashe zai ci gaba da dahuwa da zafin jikinsa a cikin kwano, don haka gara ki sauke da wuri.

Yanzu ki ƙara wuta sosai, mai cokali ɗaya, in kaskon ya yi zafi har ya fara ɗan hayaƙi ki zuba naman da naman kazan ki baza su, ki bar su sakan 30 ba taɓawa sannan ki fara juyawa. Minti uku zuwa huɗu, jan ya ɓace ruwan ya ƙafe ya bar sheƙi a jikin naman. In kaskonki ƙarami ne ki raba biyu, don in nama ya cika kasko ruwa yake fitarwa ya koma dahuwa maimakon suya, ya yi tauri. Ki juye a kwano har da ɗan romon da ya rage. Kaskon kar ki wanke.

Taliyar

Na bar ta ƙarshe da gangan don ba ta son jira. Ki sake tafasa ruwa mai yawa, in ruwan alayyahun bai yi kore sosai ba shi ma ya yi. Ki zuba taliyar ki danna ta da cokali har ta nutse, ki juya kar ta manne a gindi. Yawanci minti shida zuwa bakwai ne, ki duba abin da aka rubuta a leda, amma ki fara gwadawa tun a minti biyar da rabi. Ki ciro sili ɗaya ki tsoma a ruwan sanyi ki tauna, ki kuma duba tsakiyarsa, in akwai farin zare mai tauri a ciki da saura, in ya zama garai-garai har ciki kuma yana da danƙo to a sauke. Gara ta rage kaɗan don za ta sake hawa wuta.

A nan masu girkin Koriya sun rabu biyu. Wasu tacewa kawai suke yi su zuba mata soya sos da zafinta su cakuɗa, wasu kuma sai sun ɗauraye da ruwan sanyi sannan su soya ta a cikin ruwan haɗin. Ni ta biyun nake bi kuma ita nake ba da shawara, don ɗaurayewar tana wanke sitacin da ke sa ta dunƙule, suyar kuma tana sa ta sha ɗanɗano har ciki ta yi kala mai kyau kuma ba ta saurin kumbura in ta jima a faranti. To ki juye a kwando, ki sakar mata ruwan sanyi kina ɗagawa da hannu sakan 20, ki bar ta ta tsane sosai. Ki sa almakashi mai tsabta ki datsa ta sau uku ko huɗu, tsawon kamar santimita 15 zuwa 20. Kar ki guntule ta da yawa, su a wajensu doguwar taliya alamar tsawon rai ce shi ya sa ake kawo ta ranar murnar haihuwa, kuma ko ba don haka ba gajeriya ba ta da daɗin ɗauka.

Ki mayar da kaskon naman kan matsakaiciyar wuta, mai cokali ɗaya, ki zuba ruwan haɗin nan amma ki rage kamar cokali ɗaya a kofin, ki ƙara ruwan jiƙon shiitake cokali uku. Yana fara tafasa ki zuba taliyar ki yi ta ɗagawa kina juyawa da cokula biyu. Da farko za ki ga kamar ruwan ya yi yawa, cikin minti biyu zuwa uku za ta shanye tas, ta tashi daga toka-toka ta koma ruwan zuma tana ƙyalli, kuma za ki ji ƙarar kaskon ta canja daga tafasa zuwa ɗan cir-cir na suya. Nan za ki sauke. In ta fara kamawa kafin ta yi laushi ki ƙara ruwan jiƙon cokali ɗaya ko biyu.

Haɗawa

Ki juye taliyar a kan kayan da ke babban kwano, ki bar ta minti biyu ta sha iska yadda hannu zai iya shiga. Ki wanke hannu tas ko ki sa safar leda irin ta girki, 'yan Koriya haka suke yi. Da hannu ake haɗawa don cokali ba ya iya raba alayyahun da ya dunƙule, kuma yana tsinka taliya. Ki tura yatsu ƙasa ki ɗago sama ki saki, ki warware ganyen da yatsu, ki sake ɗagowa, ba matsawa ba dannawa, har ki ga ko'ina kika duba akwai kore da ja da nama. Ki zuba sauran man riɗin, masoro, da rabin soyayyen riɗin ki ɗan murtsuke shi tsakanin yatsu yana zuba don ƙamshin ya fito.

Sai ɗanɗanawa, kuma ki ɗebi loma mai komai a ciki ba taliya zalla ba. In lami ne ki zuba ragowar ruwan haɗin. In kala ta yi amma gishiri bai ji ba ki sa gishiri maimakon ƙarin soya sos. In gishiri ya so ya yi yawa suga rabin ƙaramin cokali yana daidaita shi. Zaƙin ana so a ji shi a baya-baya ne, mu da ba mu saba suga a abincin gishiri ba za ki iya farawa da cokali ɗaya da rabi ki gani, amma kar ki cire gaba ɗaya don shi ke sa sheƙin kuma shi ke tare kaifin soya sos. Japchae ba ta da yaji. In gidanku ba a cin abu sai da yaji ki yanka attaruhu ɗaya siri ki soya tare da tattasai, ko ki ajiye dakakken yaji a gefe kowa ya barbaɗa, na fi son na gefen don kada ya danne ƙamshin riɗi.

Ki tula a faranti mai faɗi, ki ɗan jawo nama da karas su fito sama, ki ɗora ƙwan a tsakiya fari da ɗorawa, ki watsa sauran riɗin. A Koriya tana cikin ƙananan abincin da ake jerawa a gefen shinkafa tare da su kimchi, wato tsimammen kabejinsu mai yaji, in kuma aka ɗora ta a kan farar shinkafa a faranti ɗaya sunanta japchae-bap, cikakken abincin rana ke nan.

Ajiya da ɗumame

Alayyahu shi ne ke fara lalacewa a cikin abincin nan, ko a Koriya da zafi ya shigo da yawa cire shi suke yi su sa wani ganye mai kama da lawashi ko koren tattasai. To mu da zafinmu ya fi nasu, in kin san abincin zai daɗe a waje, misali za a kai gidan suna ko za a jira buɗa baki, ki bar alayyahun ki ƙara lawashi da koren tattasai a madadinsa, ko ki ajiye shi daban a firij sai za a ci ki haɗa. Kar a bar ta a waje fiye da awa biyu, kuma kar a rufe ta da zafinta a kula, gumi yana sa ta yi tsami da wuri.

A firij tana kwana biyu zuwa uku a roba mai murfi. In kin ciro za ki ga taliyar ta yi tauri ta yi fari-fari, ba lalacewa ta yi ba, haka sitacin dankali yake in ya ji sanyi. Ki ɗora kasko a ƙaramar wuta da mai kaɗan, ki zuba ta da ruwa cokali biyu, ki rufe minti ɗaya sannan ki buɗe ki yi ta juyawa har ta dawo garai-garai ta yi zafi har ciki, ki ɗiga man riɗi kafin ki sauke. In baƙi za ki yi gobe, ki yanka kayan lambu ki jiƙa nama tun yau ki sa a firij, suya da dafa taliyar kuma ki bar su sai ana saura awa ɗaya a ci.